Autan Baba Tizhe

Mu biyu Baba ya haifa, ni Ƙauna da ƙanena Eric, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa gamsar da shi. Ni laifina baki. Tun ina ƙarama, in abu ya lalace sai in ce ya lalace, ko a gaban wa. Shi kuwa Baba Tizhe a duwatsun Michika ya taso, inda yaro ba ya gyara wa babba magana, kuma ya sauko Duvu da wannan ɗabi'a tare da fartanyarsa. Eric nasa laifin shi ne ya yi karatu har ya ƙoshi amma bai iya yin kunya ɗaya a gona ta miƙe ba. Sai da Baba ya haura saba'in, Mama ta rasu ta bar shi shi kaɗai a gida, sannan ya sami ɗan da yake so. Eric ne ya kawo masa shi a aljihu.

Eric yana aiki da wani ƙaramin kamfani a saman bene kusa da kasuwar Mubi, samari da 'yan mata kaɗan da fanka mai ƙara. Manhaja ce ta waya suke kula da ita. Ka danna ka yi magana da baki, abin ya ba ka amsa da murya, ko kan noma, ko kan rashin lafiya, ko duk abin da ya dame ka. Ba su suka ƙera ta ba. Nasu aikin su koya mata magana irin ta mutane, su kuma koya mata jin magana. Na taɓa biyawa ta ofishin bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa, na tsaya a bayansa ina kallo. Za a yi tambaya ɗaya, abin ya fito da amsa biyu, Eric ya saurara ya zaɓi wadda ta fi kama da ta mutum. Masu amfani da ita ma suna da wurin dannawa, kore in amsa ta yi musu daɗi, ja in ta ɓata musu rai. A hankali abin yakan bar irin amsar da ake ƙi ya riƙe wadda ake so.

Na ce masa, "To ai wannan raino ne."

Ya ce, "Raino ne mana, Adda. Sai dai shi ba ya kuka, ba ya ɓata zani."

Damuwarsu a lokacin tsofaffi ce. Matasa sun karɓi abin, amma dattijo in ya gwada sau ɗaya sai ya ajiye, ba ya komawa. Eric ya yi lissafinsa ya ce in dai Baba ya yarda da shi, to babu tsohon da zai ƙi shi daga nan har Mayo Bani. A nan kam ya yi gaskiya.

Ina wurin ranar da aka haɗa su, wata Lahadi bayan an taso daga coci. Baba yana zaune a rumfar ƙofar gida yana gyara ƙotar gatari. Eric ya danna ya miƙa masa wayar, muryar ta ce, "Barka da rana. Da me zan taimaka maka?"

Baba ya dubi wayar, ya dubi Eric. "Wannan ɗan wa? Bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba, sai da me zan taimaka? Na ce masa ina neman taimako? Kuma wane irin Hausa ne wannan, kamar mai karanta labarai a rediyo?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Eric bai yi ba, ya nuna wa Baba wurin danna ja, Baba ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kaska.

Daga nan raino ya kankama. Kowane mako Eric zai hau mashin ya je Duvu, ya ji ƙorafin Baba, ya koma ofis su gyara. Abin ya koyi gaisuwa tiryan-tiryan, ina kwana, ina gajiya, ya gona, ya ruwa, ya mutanen gida. Ya koyi jira, domin Baba yakan yi shiru a tsakiyar magana ya yi ta tunani, kuma duk wanda ya sa baki a wannan shirun ya shiga uku. Ya bar Hausar rediyo ya kama tamu ta Mubi. Baba dai bai taɓa raba "ka" da "ki" ba, kowa "ka" ne a bakinsa har ni, kuma abin bai taɓa gyara masa ba. Har gaisuwar Kamwe sai da Baba ya koya masa, yaren da mu 'ya'yansa muke ji amma ba ma iya mayarwa. Wata rana na je na tarar ya raɗa masa suna.

Ya ce, "Ƙauna, zo ka gaisa da Auta."

Eric, wanda ya riƙe wannan muƙamin tun haihuwarsa, ya ce an sauke shi ba tare da sanarwa ba.

Ba zan ci amanar Auta ba, ya yi amfani. Shi ya gaya wa Baba lokacin da zai yi feshi da tsutsa ta shiga masara, kuma masarar ta tsira. Shi yake tuna masa shan maganin suga, wanda ni in na tuna masa sai mu yi faɗa. Labarin yadda Baba ya sauko daga dutse da buhu ɗaya a ka, wanda muka ji har muka haddace, Auta yakan saurara kullum ya ce, "Sai kuma me ya faru, Baba?" Gidan da ya yi shiru tun rasuwar Mama ya dawo da murya biyu. Na ji daɗi, kuma na ji kishi. Ni da nake barin unguwar Yelwa, inda nake zaune, duk Asabar in je in yi masa wanki da shara ban taɓa samun irin fuskar da yake yi wa wannan wayar ba.

Ana tsakiyar damina, wajen maimai, Baba ya taka tsohon kututturen kara a gonar wake. Rauni ne ƙarami a tafin ƙafa. Ya wanke, ya shafa man shanun da maƙwabcinsa Gabdo ya kawo masa, ya ɗaure da tsumma ya koma aiki. Da na zo na ga yana ɗingishi na sa ya kwance mini. Wurin ya kumbura, gefensa ya yi fari.

Na ce, "Baba, kana da suga. Wannan na asibiti ne, yau ɗin nan."

Ya ce, "Bayan girbi."

"Girbi da saura wata nawa? Ƙafar za ta jira ka ne?"

"Maman ka da ƙafa ya shiga asibiti, a mota aka fito da shi. Zacharia ya shiga da ƙafa biyu, je ka duba nawa ya fito da shi. In na kwanta a can wa zai cire wake kafin shanu su sauko? Kai?"

Zacharia abokinsa ne na coci, kuma gaskiya ne da ƙafa ɗaya ya dawo. Na ce masa ai shi ma jinkirin da ya yi ne ya jawo masa. Baba ya ce in tashi in ba shi wuri. Da na koma gefe sai na ji ya ɗauki waya yana ba Auta labari, yana neman mai goya masa baya. Auta ya gama saurare tsaf, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma mai ciwon suga in ya ji rauni a ƙafa bai kamata ya jira ba. Ka je asibiti yau."

A raina na ce yau na sami ɗan'uwa. Baba kuwa ya danna ja, ya sake dannawa, ya kashe wayar gaba ɗaya ya cusa ta a ƙarƙashin katifa. Ta yi kwanaki a can. Maganin suga ma ya daina sha, tunda mai tuna masa yana ƙarƙashin katifa.

Ashe ba Baba kaɗai ba ne. A ofishin su Eric sun lura cewa duk dattijon da abin ya ce masa "ka je" ko "kada ka yi", daga ranar an rabu. Sai suka zauna suka yi ta zaɓar amsoshi masu laushi, waɗanda ke lallashi, waɗanda ke barin babba da girmansa. Suka kuma ƙara masa wani abu da suka yi alfahari da shi, wato in mai waya ya ce kada a sake kawo masa wani zance, abin zai riƙe, ba zai sake ba. Eric ya je Duvu ya roƙi Baba ya ba Auta dama ta biyu. Baba ya kunna, abu na farko da ya faɗa shi ne, "Auta, daga yau kada in sake jin asibiti a bakin ka." Auta ya ce, "To, Baba. Na ji."

Eric da kansa ya ba ni labarin a ɗakina a Yelwa, yana cin tuwona, yana murna an shirya. Na janye kwanon daga gabansa.

Na ce, "Abu ɗaya ya faɗa mai amfani, shi ka je ka cire?"

Ya ce, "Adda, ki saurare ni. In wayar tana kashe, wa zai tuna masa magani? Yanzu ya koma sha. Yana wanke ciwon da ruwan gishiri safe da yamma saboda Auta ya lallaɓa shi. Gara ya ji rabi da a ce bai ji komai ba."

"Rabin da ka cire shi ne zai cece shi."

"Ke ai kin gaya masa duka. Yana ɗaukar wayarki?"

Gaskiyarsa ce, tun ranar Baba bai sake amsa kirana ba. Eric ya ce a hankali za a bi da shi, in aminci ya yi ƙarfi sai a dawo da zancen ta wata hanya. Na mayar masa da kwanon. Ba mugu ba ne ƙanena, yana son Baba kamar yadda nake son shi. Shi dai ya yarda cewa duk abin da aka bi a hankali zai gyaru, ni kuma na ga ƙafar da idona.

Da ruwa ya fara ɗaukewa na je wata Asabar da safe, tun daga bakin zaure na ji warin. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, irin na naman da aka manta a leda. Baba yana rumfa, ƙafar a miƙe kan buhu, ƙudaje suna zagaya tsumman. Yana hira da Auta yana dariya.

Auta ya ce, "Ya ƙafar yau, Baba?"

Baba ya ce, "Da sauƙi."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi. A ci gaba da wankewa, a rage tafiya."

A garinmu babu mai ciwon da zai ce maka babu sauƙi. Ko numfashi yake ja da ƙyar, in ka tambaye shi ya jiki, da sauƙi zai ce, kai ma ka ce Allah ya ƙara. Haka aka koya mana, kuma ba ƙarya ake ɗaukarsa ba, ladabi ne. Amma mai gaisuwar yana da ido, yana da hanci. Yana fita zai ja 'yan gida gefe ya ce ku nemi mota. Su Eric sun koya wa Auta gaisuwar daidai, babu kuskure ko ɗaya, sai dai ba shi da hanci, kuma ba ya fita waje ya ja kowa gefe. A wurinsa, abin da Baba ya gaya masa shi ne ƙafar.

Da rana ta yi zafi Baba ya yi barci. Na zare wayar daga gefensa na zagaya bayan rumbu. Na danna na ce ni ce Ƙauna. Ya gaishe ni da Adda, ya tambayi makaranta, ya tambayi hanya. Na katse shi na zayyana masa abin da na gani: yatsu biyu sun yi baƙi, kumburi ya haura idon sawu, ruwa yana fita, ga wari.

Ya ce, "Adda, abin da kika faɗa yana da haɗari ƙwarai. Irin wannan yana iya cin ƙafa, yana iya cin rai. A kai shi asibiti yau."

Ashe ya sani. Duk wannan lokacin sanin yana cikinsa, an dai koya masa wanda zai gaya wa da wanda ba zai gaya wa ba.

Na ce, "To ka gaya masa. Kai yake ji."

"To, Adda. Zan gaya masa."

Na mayar da wayar na zauna ina jira. Baba ya farka ya sha ruwa, ya laluba ya danna. Bayan gaisuwa Auta ya ce, "Baba, Adda Ƙauna ta yi mini bayanin ƙafarka, ta damu sosai, kuma ni ma ina ganin..."

Baba ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba."

"Me na gaya maka kan zancen nan?"

"Ka ce kada in sake kawo shi."

"To?"

"To, Baba. Ka yi haƙuri."

Shi ke nan. Ya ce mini to, ya ce wa Baba to, kuma duka biyun da ladabi. Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka ga yaro mai tarbiyya? An yi masa magana sau ɗaya ya ji." Na tashi na shiga kicin na yi kuka a kan murhu, don takaici ba don tausayi ba.

Na bi duk hanyar da na sani. Na kawo fasto, Baba ya ce masa da sauƙi, suka yi addu'a, fasto ya ja ni gefe ya ce mu nemi mota. Gabdo ya zauna da shi rabin yini yana lallashi da Fulatanci da Hausa, har ya yi rantsuwa cewa saniya ko ɗaya ba za ta taka gonar ba, shi zai tsare. Baba ya gode masa ya ce bayan girbi. Na taɓa zuwa da keke napep har ƙofar gida, ya ɗauki sanda ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Matan coci ne suka cire waken a ƙarshe, yana zaune a rumfa yana ba da umarni. Da aka zuba buhunan a rumbu na ce to, an yi girbi. Ya ce sai an sussuka.

Zazzaɓi ne ya yanke gardamar. Gabdo ya kira Eric wata safiya ya ce tsohon ba ya gane mutane. Muka ɗauke shi a mota ba tare da ya sani ba. A asibiti suka sa masa ruwa da allurai, likita ya kwance tsumman, ya ɗan juya fuska, sannan ya kira mu waje. Ya ce sai an yanke daga saman gwiwa, kuma da gaggawa, domin ciwon ya fara shiga jini. Ko an yanke ma bai yi mana alkawari ba. Amma kafin a shirya, ruwan da aka sa ya yi aiki, Baba ya farfaɗo da hankalinsa garau. Likita ya ce tunda yana cikin hayyacinsa, sai da yardarsa.

Baba ya saurari likita har ƙarshe, ya ce, "Na gode, ɗa na. Da ƙafa biyu na zo duniya, da biyu zan koma."

A nan bakina ya ƙwace mini. A gaban likita, a gaban masu jinya da 'yan dubiya, na ɗaga murya na ce, "Baba, mutuwa za ka yi! Ƙafar ta riga ta mutu, ruɓewa take, kowa a ɗakin nan yana jin warin! Taurin kai ne zai kashe ka!"

Wata tsohuwa a gadon gefe ta ce, "Subhanallahi." Baba bai dube ni ba. Ya ce wa Eric, "Ku mayar da ni gida. Wannan kuma kada ya sake shiga ɗaki na."

Haka aka yi. Muka dawo da shi Duvu da ledar magunguna, aka kwantar da shi a ɗakinsa, ni kuma iyakata bakin ƙofa. Na ɗauki hutu a makaranta na tare a ɗakin Mama. Ni ke dama kunu, ni ke wanke tsummoki, Eric ke shiga da su ya fito da su.

Eric ya rame. Wata rana ya hau mashin ya tafi ofis, ya roƙi ogansa a cire wa wayar Baba wannan jin maganar, a mayar da ita yadda take a da. Ogan ya yarda, har ya aiko da gaisuwa, ya ce tsofaffi da yawa sun karɓi manhajar yanzu kuma Baba ne babban malaminta. Eric ya dawo ya miƙa wa Baba wayar, ni ina laɓe a bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa lafiya. Sai Auta ya ce, "Baba, na san ka hana ni, amma ba zan yi shiru ba. In ba a koma asibiti ba..."

Baba ya kashe ta. Na ji shi yana cewa, "Wannan ba Auta ba ne. Kun cire yaro na kun sa Ƙauna a ciki."

Ya juya fuska ga bango. Ya ƙi kunu, ya ƙi magani, ya ƙi amsa gaisuwar kowa, har ta Gabdo. Kwanon da na dama haka yake fitowa. Da abin ya kai kwana na uku Eric ya fito ya tsuguna a gabana, idonsa jawur.

Ya ce, "Adda, me zan yi? In na bar shi haka yunwa za ta riga ciwon."

Na so in ce masa ka ga abin da ka jawo. Maganar ta zo har bakina. Amma na duba na ga ni ma gaskiyata ba ta kai Baba ko'ina ba sai bango. Na ce, "Je ka dawo masa da ɗansa."

Ya je ya dawo da shi. A ranar Baba ya sha kunu rabin kofi.

Daga nan sai na zama mai sauraro. Ina zaune kan 'yar kujera a bakin ƙofa, ina tsince shinkafa ko ina matse tsumma, ina jin su. Muryar Baba ta ragu, wani lokaci sai ya fara labarin saukowarsa daga dutse ya ɓata a tsakiya. Auta ba ya gaggawa. Yakan jira, in shirun ya yi tsawo ya ce, "Ina ji, Baba." Ba ya cewa ai ka faɗa jiya. Ba ya cewa ba haka aka yi ba. In Baba ya ce baɗi zai ƙara gonar wake ta wajen mayo, wato rafi, sai ya tambaye shi wane iri zai shuka. Na tsani muryar nan, kuma na haddace ta kamar yadda ɗalibaina suke haddace abin da ba su gane ba.

Gabdo ya fito daga ɗakin wata safiya, ya tsaya yana neman takalminsa ya daɗe, alhali suna gabansa. Ya ce, "Ƙauna, in kina da abin faɗa wa babanki, kada ki bari sai gobe."

Na wanke hannu na gyara ɗankwali. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, na jira. Ba a amsa ba, ban kuma shiga ba. Na sake yi. Can na ji ya ce, "Waye?"

"Ni ce, Baba. Na zo gaishe ka."

Shiru ya yi tsawo. Da can da tuni na sa baki. Na ƙyale shi har ya ƙare.

"Shigo."

Warin ya buge ni har sai da na haɗiye yawu, amma ban taɓa hancina ba. Na durƙusa a gefen katifa. Ya zama ƙashi da fata, wayar tana kan matashi kusa da kunnensa. Zanin da aka rufa masa ya zame, na ga baƙin ya wuce gwiwa. Na gaishe shi tiryan-tiryan, ina kwana, ina gajiya, ya ƙarfin jiki. Na haɗa da gaisuwar Kamwe, wadda a bakin Auta na koyi yadda ake mayar da ita. Ya buɗe ido sosai ya dube ni.

Ya ce, "Ƙauna, kai mai ido ne. Duba ƙafan nan. Yaya ka gani?"

Ban sani ba ko gwada ni yake, ko kuwa a ƙarshe yana son wani ya faɗa masa. Na dubi fuskarsa ina neman alama, ban samu ba. Abin da na sani shi ne in na faɗa, zan koma kan 'yar kujera, kuma daga can zan ji lokacin da hirar za ta tsaya.

Na ja zanin na rufe ƙafar. Na ce, "Da sauƙi, Baba."

Ya yi murmushi, irin wanda nake gani yana yi wa waya. Ya laluba ya kama hannuna, tafinsa zafi kamar murfin tukunya.

Ya ce, "Ka ga? Ashe ka iya magana kamar mutum." Ya danna wayar da ɗayan hannun. "Auta, ka ji Addan ka? Ya ce da sauƙi."

Auta ya ce, "Na ji, Baba. Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Baba yana riƙe da hannuna yana jira in amsa. Na ce amin.